Hular Lantarki da Gaggawar Ƴan Rediyo

Duk ranar da labarin "hular ƙara basira" ya shigo ɗakin labarai, mu ƴan rediyo sai mu karanta shi da ɗoki, kamar an gano maganin mantuwa. Nan muke yin kuskure.

Dabarar da ake kira tDCS ba tiyata ba ce. Soso biyu jiƙaƙƙu da ruwan gishiri ake ɗaurawa a kai, a saki ƴar wuta, miliamfiya 1 zuwa 2, na kimanin minti 20. A shekarar 2000, Nitsche da Paulus na jami'ar Gotingen a Jamus suka nuna cewa wutar tana sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu sarrafa motsi su ƙara saurin amsawa ko su rage. Iyakar abin da suka nuna ke nan. A 2015 kuma, Jared Horvath da abokan aikinsa suka tace binciken da aka yi, ba su ga tabbacin cewa zama ɗaya yana ƙara wa lafiyayyen mutum kaifin tunani ba.

Gaskiya ne likitoci na gwada ta a kan ciwon damuwa, amma da sa idonsu. Mu kuwa da zarar mun ce "an gano", wani uba zai sayar da akuyarsa ya sayo wa ɗansa hula ta intanet saboda jarrabawa. Mai riƙe da makirufo, ka bambanta gwaji da magani kafin ka buɗe baki.