Kufai ba shi da baki, sai an yi masa shaida

Duk wanda ya ratsa gonakin Agye, Gazawa da Gidan Rumji ya san waɗannan tuddai masu kama da zobe, waɗanda manoma ke kira kufai ko tsohuwar ganuwa. Wasu an san labarinsu, domin zamanin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 gari ba ya kwana sai da ganuwa ko kafi. Tibiri kanta a wannan hali Gobirawa suka kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Wasu kuwa ba mai iya cewa gari ne, ko zango, ko garken shanu.

Waɗannan na biyu su ne abin tsoro a kansu. Dokar ƙasa mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta ɗora wa hukuma nauyin kare kayan tarihi, amma doka ba ta tsare abin da ba a rubuta sunansa ba. Ƙasar noma ta yi ƙaranci, garmar shanu na shafe tudu kowace damina, masu bulo na haƙar sauran.

Dubi ƙasar Ailan. Tana da irin waɗannan zobba sama da 40,000, akasarinsu gidajen manoma ne na ƙarni na 6 zuwa na 10. Tsoron iskoki ya daɗe yana tsare su, kamar yadda yake tsare wasu kufanmu. Daga baya aka sa su cikin rajista, har da waɗanda ba a tantance ba, kuma dokar 1994 ta wajabta sanar da hukuma wata biyu kafin a taɓa wurin. Shakka ta zama dalilin kiyayewa.

Mu ma mun ga amfanin haka. Kufan Kanawa, wanda Anne Haour ta tona a kudancin ƙasar nan, da an share shi tun farko, da labarin da ke danganta shi da asalin Kano ya rasa wurin gwaji.

Saboda haka aikin ya faro daga malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu. A rubuta sunan kowane kufai, a auna faɗinsa da taki, a ɗauki bayanin dattawa da mai gonar, a miƙa wa cibiyar IRSH ta Yamai. Manomi kuma a yi shawara da shi, domin wanda aka ƙwace wa gona ba zai zama mai gadin tarihi ba.