Mai Riƙe da Makirufo a Taron Fasaha

Daren da za a wayi gari in jagoranci taron fasahar zamani karo na farko, a wani zaure a Kaura Namoda, na kwana ina kallon bidiyon tarukan Legas a waya. Na haddace yadda masu gabatarwarsu suke fitowa da gudu, su kwarma ihu da Turanci, su sa jama'a su amsa. Da safe na hau dandamali na yi hakan. Ɗaliban kwalejin kimiyya da ke gaba suka tafa. Daga tsakiyar zaure zuwa baya kuwa, inda masu gyaran waya da masu POS da 'yan kasuwar da suka taso tun daga Shinkafi da Zurmi suke zaune, shiru kake ji.

Bayan baƙo na biyu ya gama jawabinsa kan ajiye bayanai a intanet, wani dattijo mai sayar da hatsi ya yafito ni da hannu. Na durƙusa kusa da shi, ya ce: "Ɗana, mi yac ce?" Minti ashirin ya yi yana sauraro cikin ladabi, bai tsinci komai ba. Ni ne aka ɗora wa nauyin kai masa maganar, ban kai ba.

Tun daga ranar nake lura da wannan ɗabi'a ta kwaikwayo tana bazuwa. Tarukan fasaha sun yawaita a Arewa, daga DevFest da ƙungiyoyin GDG ke shiryawa a Kano da Kaduna, har zuwa haɗuwar matasan shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Abin farin ciki ne. Sai dai yawancin sababbin masu gabatarwa kwaikwayo muke yi, mun ɗauka aikin shi ne ɗumama zaure da kiran sunayen manyan baƙi. A ganina mai gabatarwa a ƙasarmu tafinta ne kafin komai.

Muna da wannan sana'a tun kafin zuwan lasifika. Duk wanda ya saurari faifan makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa na ƙasar Isa, maƙwabciyar Shinkafi, ko Musa Ɗanƙwairo, ya san muryar sanƙira: shi ke tsoma baki tsakanin baitoci, ya warware zancen, ya faɗi wanda ake nufi, ya tabbatar na nesa ya ji. Haka mai jan baƙi a wurin tafsiri, ya san inda zai tsaya ya bar malam, ya san inda zai ɗauka. Ba wanda ya zo don su, amma in suka kasa, zaman ya lalace. Wannan ilimin sanin lokaci da sanin jama'a shi muka bari a gida muka tafi aro.

Akwai kuma abin da baƙo daga Abuja ba zai sani ba sai an gaya masa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako, mutane suka riƙa ƙetarawa wata jihar don kawai su buga waya ko su karɓi kuɗin da aka turo musu. A farkon 2023 kuma canjin kuɗi ya tilasta wa mai shayi da mai nama karɓar tiransifa ko sun shirya ko ba su shirya ba. Mutanen da suka ga wannan, in ka ce musu su ɗora kasuwancinsu kan manhaja, tambayarsu ta farko ita ce: ranar da babu sabis fa? Sau da yawa kunya ke hana su ɗaga hannu. Mai gabatarwa ne ya kamata ya yi tambayar a madadinsu, ya kuma ƙi sakin baƙon sai ya amsa.

Na san masu cewa harshen kwamfuta Turanci ne, gara yara su saba. Gaskiya ne, mai koyon rubuta manhaja ba shi da makawa. Amma aji daban, taro daban. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana Kaura tun 1983 tana wannan aikin koyarwa. Taron yini ɗaya an kira shi ne don mai gyaran waya ya koma rumfarsa da abu ɗaya da zai gwada gobe.

A taron nan na Kaura, bayan sallar Azahar na roƙi baƙo na biyu ya dawo. Ya riƙa faɗin jimla biyu, ina mayar da su Hausa, ina kawo misali da littafin bashi na 'yan kasuwa. Na sauka da makirufo zuwa ɓangaren mata, wanda tun safe ban waiwaya ba. Wata baiwar Allah mai ɗinki ta ce: "Malam, in wayar ta ɓace, sunayen masu bashina sun tafi ke nan?" Baƙon ya ɗauki minti goma yana nuna mata a allo, dattijon nan mai hatsi kuma ya jawo kujerarsa gaba.