Zambon da Aka Mayar Yabo: Nazarin Waƙar "Mr. Lee" ta Ƙungiyar Bobbettes

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda kamfanin buga faifai kan sauya jigon waƙa, da abin da kan yi saura bayan sauyin. Misalin da muka ɗauka shi ne na Bobbettes, watau wasu 'yan mata biyar baƙar fata daga unguwar Harlem ta birnin New York a Amurka: Emma Pought da ƙanwarta Jannie, da Reather Dixon, da Laura Webb, da Helen Gathers. Sa'ad da kamfanin Atlantic ya fitar da faifansu na "Mr. Lee" a 1957, babu wadda ta haura shekara 16 a cikinsu.

Su da kansu suka tsara waƙar, kuma asalinta zambo ce ga wani malamin makarantarsu da ba sa ƙauna. Kamfanin ya ƙi ɗaukarta sai an gyara baitocin, har malamin da aka yi wa ba'a ya koma abin bege. A haka ta kai matsayi na 6 a jerin mujallar Billboard, ta kuma zo ta ɗaya a jerin faya-fayen da baƙar fata suka fi saye.

To, amma a ganinmu gyaran bai wuce fatar baki ba. Duk wanda ya saurari faifan zai ji yadda ake nanata sunan malamin babu ƙaƙƙautawa, jagora ta kira, 'yan amshi su cafe, ana yi ana tsarma wata 'yar ƙara mai kama da shaƙuwa. Wannan ba salon mai bege ba ne. Salon yara ne idan sun sa babba a gaba da tsokana, sun kuwa san ba ya iya kama su. Kalmomin na yabo ne, muryar ta shaƙiyanci ce, kuma daga wannan saɓani armashin waƙar ya fito. Manazarcin da ya tsaya ga rubutaccen matani kaɗai ba zai ga haka ba.

Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan ra'ayi. A 1959 suka ɗauki "I Shot Mr. Lee", wadda sunanta ke nufin sun harbe malamin, Atlantic kuwa ya ƙi fitar da ita. Da suka sake ɗaukarta a ƙaramin kamfanin Triple-X a 1960 ta fara karɓuwa, sai Atlantic ya fito da nasa faifan, ya kuma kai ƙara kotu. Waƙar ta tsaya a matsayi na 52.

Sai dai dole mu faɗa, ta biyun ba ta kama ƙafar ta farkon ba, domin zambon ya fito fili, babu sauran abin da mai sauraro zai gano da kansa. 'Yan matan sun ci gaba da waƙa shekaru da dama, har da yi wa wasu mawaƙa amshi, amma ba su sake shiga goman farko ba.