Wa Zai Zana Fuskar Gizo?

Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa tare da Faransanci a Damagaram, daga baya maɗaba'u irin su Albasa da Gashingo suka fitar da littattafai cikin harsunan ƙasa. Sai dai fassara kalma ta fi fassara hoto sauƙi. Idan mai zane ya kwaikwayi littattafan Faransa, yaron Hamdara zai ji harshensa amma ba zai ga rumbu ko rijiyar garinsu ba. Alhali ga adon magina a bangayen Birni, ga zanen ƙwarya. Tatsuniya ba ta kafe wa Gizo siffa ɗaya ba. Wadda aka fara nuna wa yaro ita zai riƙe. Saboda haka malamai su auna hoto kamar yadda suke auna rubutu.