Hoton Gindin Hasumiya: Sharhi Kan Yawon Buɗe Idonmu a Kuala Lumpur

Duk ɗalibin da ya ɗauko iyalinsa zuwa Maleshiya, kafin amarya ta gama warware gajiyar jirgi, za ka iske an kai ta gindin tagwayen hasumiyoyin Petronas an yi hoto an tura gida. Ni ma ban kuɓuta ba. Mako guda da isowar maiɗakina muka hau jirgin LRT daga Gombak muka sauka a KLCC, na durƙusa kamar mai neman gafara don kan benen ya shiga hoto. Wannan hoto da wurin da ake ɗaukarsa nake son mu ɗan duba, domin ina ganin yana cutar da mu ta hanyar da ba mu lura ba.

Ba zan rage wa ginin komai ba. Tsayinsa mita 452 ne, hawa 88, kuma daga 1998 zuwa 2004 babu ginin da ya kai shi tsawo a duniya. César Pelli, wanda ya zana shi, ya ɗora tsarin kowane hawa a kan tauraro mai tsini takwas irin na adon Musulunci, kuma da dare idan aka kunna fitilu sai ka rantse azurfa aka zuba. Amma mai karatu ya tambayi kansa: bayan an ɗaga kai an sauke, sai me? Abin da ke ƙarƙashin benen kasuwar Suria KLCC ce, inda aka jera kantunan da ɗalibi mai jiran kuɗin tallafin karatu ba ya iya sayen ko ɗan kwali a cikinsu. Wuri ne da aka gina don mai kashe kuɗi. Mu kuwa mun zagaya, mun sha sanyin na'ura, mun yi sallar Magariba a surau, wato ɗan masallacin da ake warewa a irin waɗannan kasuwanni (wannan kam abin koyi ne ga masu gina kantuna a gida), muka dawo da ledar burodi.

Hoton fa ya riga ya isa Kano. Kwana uku ba a yi ba saƙonni suka fara shigowa: wannan kuɗin makaranta, waccan gudummawar biki. Ba laifinsu ba ne, abin da muka nuna suka gani. Hoton bai nuna ɗaki guda a hawa na sha huɗu ba, bai nuna maiɗakina tana wuni ita kaɗai ina ɗakin karatu ba, bai nuna masu gidajen haya da suka katse waya da jin sunan ƙasarmu ba.

Ita ce ma ta fara gajiya da wannan yawo. Wata Asabar ta ce, "Malam, wai garin nan ba shi da mutane ne sai gilashi?" Sai muka sauka tasha guda bayan KLCC, wato Kampung Baru.

A nan ne, a ganina, Kuala Lumpur ta cancanci a kalle ta. Unguwa ce da Turawan Ingila suka keɓe wa Malayawa a 1900 don su zauna su yi noma, kuma har yau akwai gidajen katako a kan dirkoki, da ayaba da kwakwa a tsakar gida, ga hasumiyoyin nan a tsaye a kansu kamar za su faɗo. Muka zauna a rumfar wata dattijuwa muka ci nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa, a haɗa da yajin sambal, gyaɗa, ƙananan kifi da ƙwai. Da ta ga maiɗakina ta yi bismilla, sai ta ƙaro mata gyaɗa, suka yi ta hira da hannu da dariya. Da azumi kuma babban masallacin unguwar yana raba bubur lambuk kyauta, wani faten shinkafa da nama, wanda ya tuna mana kunun sadaka na ƙofar gida. Cikin wata shida, ranar ce na fara jin ta ce gari ya yi mata daɗi.

Kada a ɗauka aljanna nake siffantawa. Wasu lungunan duk kwata ne, wasu gidajen sun ruɓe, kuma a nan ne rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayu 1969 ya ɓarke. Shekara da shekaru ana son a mayar da unguwar benaye, abin da ke kawo cikas shi ne farashi da kuma gado, domin fili guda sai ka tarar magada da yawa ne ke da shi. Duk Bakano ya san wannan magana. Mu da aka rushe mana Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, muna kuma kallon badala tana zaizayewa ana yanka filaye a jikinta, mun fi kowa bukatar tsayawa mu ga yadda mutanen wata unguwa suka yi shekara fiye da 120 suna riƙe da ƙasarsu a tsakiyar birni mai tsada.

A 2020 an buɗe gadar ƙafa ta Saloma wadda ta haɗa Kampung Baru da ɓangaren KLCC, tafiyar 'yan mintuna. Na sha ganin 'yan uwanmu ɗalibai a kanta da matansu, sun juya wa unguwar baya suna saita hasumiya a waya, su gama su koma inda suka fito. Yanzu ma da aka buɗe Merdeka 118 a 2024, mai mita kusan 679, na lura hoton ya fara ƙaura can.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, fitar da ake shirya wa sababbin iyalai a farkon zango a fara ta daga Masjid Jamek, masallacin 1909 da ke mahaɗar kogunan Klang da Gombak, inda birnin ya samo sunansa na mahaɗa mai laka. Daga nan a hau jirgi zuwa Kampung Baru a ci abinci, sannan a tsallaka gada da ƙafa, wanda ke son hoto ya yi. Mu dai hoton da muka tura wa Hajiya a watan jiya na rumfar dattijuwar nan ne, amsar da ta aiko kuwa tambaya ce: shin shinkafar tana da daɗi?