Kami Mai Gadi Ne, Ba Ubangiji Ba



Wani abu ya faru a nan Hamdara, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san rumfar nan da ake cajin salula da hasken rana. In an yi sallar isha'i yara sukan taru a can, mai rumfa ya kunna musu talabijin. Abin da suka fi so shi ne wani fim na zane, irin wanda ƴan lakwal ke ce wa desan anime. Sunansa Dragon Ball. Da Faransanci ake magana a cikinsa. Saboda haka wani yaro ɗan kolej yakan zauna gaba, yana juya wa sauran da Hausa.

Ran nan wani magidanci ya zo karɓar wayarsa. Yana tsaye sai ya ji yaron ya ce: "To, ga shi nan, Mai Iko Duka ya mutu." Mutumin ya ce: "A'uzu billahi! Wa ya mutu?" Yaro ya nuna masa wani tsoho kore, mai dogayen kunnuwa, riƙe da sanda. Magidanci bai ƙara cewa komai ba. Ya kama hannun ɗansa, ya ja shi gida, ya hana shi komawa.

Ni ban ga laifin uban nan ba. Kowane musulmi ya ji magana irin wannan, sai gabansa ya faɗi. Amma na kalli fim ɗin, na bi labarin tsohon daga farko har ƙarshe. Ina so mu duba shi tare, kafin ka yanke wa ɗanka hukunci.

Wani mutumin Japan ne, Toriyama Akira, ya ƙago labarin. Ya fara zana shi a wata mujallar yara ta mako-mako a 1984, ya gama a 1995. Da aka haɗa shi ya kai littafi 42. A 1986 kamfanin Toei ya mayar da shi fim na talabijin. A 1988 aka fara nuna shi a Faransa, bayan an juya shi da Faransanci. Wannan juyin ne ya biyo hanya har ya iso rumfarmu. Toriyama ya rasu a 2024, yana da shekara 68.

Jarumin labarin wani yaro ne, Sangoku, mai son faɗa da son ci. Yana yawo yana koyon dambe wurin malamai, yana neman waɗansu ƙwallaye bakwai. Wanda ya tara su duka, wani ƙaton maciji zai fito ya biya masa buƙata guda. Tsohon nan kore shi ya yi ƙwallayen. Sunansa na Japan Kami.

To, a nan gizo ke saƙa. A Japan kalmar kami ba abu ɗaya take nufi ba. A addininsu na gargajiya, Shinto, dutse yana da kami, kogi yana da kami, tsohuwar itaciya tana da kami, har kakannin da suka mutu. Don yawansu sukan ce sun kai miliyan takwas. Ka ga ke nan sun fi kusa da abin da mutanen da ke kira iskoki, masu zama a kuka ko tsamiya. Amma da wannan kalmar ce kuma Kiristocin Japan ke kiran Ubangiji. Masu juya fim da Faransanci sai suka ɗauki ma'ana mai nauyi, suka sa wa tsohon suna Tout-Puissant, ana faɗinsa Tu-Pisan, wato mai iko a kan komai. Yaron kolej bai yi ƙarya ba. Abin da ya ji shi ya faɗa. Kuskuren tun daga Faransa ya taso.

Yanzu ka dubi tsohon da kanka, ka ga ko sunan ya dace da shi. An haife shi, yana da uba. Ba ma ɗan duniyarmu ba ne. Daga wata duniya mai suna Namek aka turo shi yana ƙarami, lokacin da bala'i ya auka wa ƙasarsu. Ya girma shi kaɗai a wani tudu mai sanyi da iska, yana jiran iyayen da ba su zo ba. Ya tsufa, fatarsa ta yanƙwane. Bai halicci kowa ba. Akwai na gaba da shi: alƙalin matattu, da wani babba a sama da alƙalin, da waɗansu a sama da babban. Kuma yana mutuwa.

Aikinsa sarauta ce. Akwai wanda ya riƙe ta kafin shi, akwai wanda ya gaje shi, wani yaro Dende. Yana da fada a can sararin sama, yana leƙen duniya daga bakinta. Wannan mun san irinsa. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, ana tsoronsa ko'ina. Duk da haka sarautar Damagaram ta daɗe tana aika gaisuwa ga Shehun Barno a Kukawa. Haka Kami yake: babba ne a wurinsa, ƙarami ne a gaban waɗansu. Da ni ke juyawa, Mai Gadi zan kira shi. Mutanen Amurka ma da suka juya fim ɗin da Turanci sun bar masa sunansa Kami, suka ce shi mai tsaron duniya ne.

In mun kau da rigimar suna, sai mu ga abin da ya sa na ce labarinsa ya cancanci kallo.

Lokacin da yana saurayi ya je neman sarautar gadi. Mai riƙe da ita ya dube shi ya ce a'a, akwai sauran mugunta a zuciyarsa. Saurayi ya koma ya yi ta horon kansa, har ya fizge muguntar ya jefar da ita waje. Ya dawo tsarkakakke, aka ba shi sarauta. Amma abin da ya jefar bai ɓace ba. Ya zama mutum, mai kama da shi sak, mai suna Pikolo. A juyin Faransanci har Shaiɗan suka laƙaba masa. Pikolo ya sauko cikin mutane ya yi ta kisa. Sai da wani malamin faɗa, Mutaito, ya ba da ransa ya kulle shi cikin tukunyar dafa shinkafa. Bayan shekaru masu yawa wani wawa mai son mulki ya buɗe tukunyar. Pikolo ya ƙwace gadon sarkin duniya. Ya ce duniya gunduma 43 ce, kowace shekara zai yi ƙuri'a ya hallaka guda.

Ina Mai Gadi duk wannan lokaci? Yana sama yana kallo. Ka tuna mai shara da ya share ɗakinsa tas, ya zuba dattin a ƙofar maƙwabci. Ɗaki ya yi kyau, unguwa ta ɗauki wari. Shi ya samu rawani, talakawa suka biya.

Kuma ba ya iya gyara ɓarnar. Ransa da ran Pikolo ɗaya ne. In ɗaya ya mutu, ɗayan ma ya mutu. A labarin kuma an ce mai wannan sarauta ba ya kashe kansa. Wannan ƙulli shi ne mafi kyau a cikin aikin Toriyama. Ba ya buƙatar dogon bayani. Yaro ɗan shekara goma ya gane cewa tsohon nan yana jin kunya, kuma tsoron da yake yi na kansa ne.

Yaro Sangoku ne ya kashe Pikolo. Amma kafin ransa ya fita ya amayo ƙwai, ɗansa ya fito daga ciki, shi ma Pikolo, da ran nan guda. Don haka Kami bai mutu ba. Ya ɗauki Sangoku ya hore shi shekara uku a fadarsa, don ya je ya gama da ɗan. Ya san in Sangoku ya yi nasara shi ma tasa ta ƙare.

Sai aka zo babbar gasar faɗa, karo na 23. Ka ɗauka kamar kokowar takobi da muke yi tun 1975, da aka fara ta a Tawa: fili cike, kowa da gwaninsa. Kami bai iya haƙuri ba. Ya sauko ya ari jikin wani talaka mai tabarau, Shen, kamar yadda ƴan bori ke cewa iska ya hau doki. Jama'a suna dariyar wannan mutum maras fasali, shi kuwa yana ta ka da gwanaye. Niyyarsa ya kulle Pikolo cikin ƴar kwalba. Sai reshe ya juye da mujiya. Pikolo ya mayar masa da asirinsa, Kami ne ya faɗa kwalbar, Pikolo ya haɗiye ta. Mai karatu, wanda aka haɗiye cikin kwalba ai ba ya da iko a kan komai.

Sangoku ya fid da shi, ya kuma ci gasar da ƙyar. Pikolo na kwance rai a hannun Allah, Kami ya ɗaga hannu zai ƙarasa shi. Sangoku ya tare. Ya ma ba abokin gabarsa magani ya tashi. Kami ya ga yaron ya fi shi, ya ce ya zo ya karɓi sarautar. Sangoku ya ƙi, ya ɗauki amaryarsa ya tafi. Na yi dariya a nan. A ƙasarmu ƴan sarki nawa suka ɓata da juna har abada saboda rawani?

Ci gaban labarin, wanda ake kira Dragon Ball Z, an fara shi a 1989. A cikinsa ne abin da magidancinmu ya tarar ya faru. Waɗansu mayaƙa suka zo daga sama za su hallaka duniya. Pikolo ya ɗauki ƙaramin ɗan Sangoku, Sangohan, ya kai shi daji yana koya masa faɗa, ba don ƙauna ba, don yana buƙatar mataimaki. Yaron bai ƙyamace shi ba. Yana yi masa magana kamar kawunsa. Ranar yaƙi aka harbo wa yaron wuta, Pikolo ya shiga tsakani, ya mutu yana hawaye. Nan take Kami ya mutu a fadarsa, ƙwallaye bakwai suka zama duwatsu.

Ka lura da wanda ya tsare yaron. Ba mai tsarki na sama ba ne. Wanda aka jefar ne, wanda aka ce ba shi da amfani. Zama da mutane ya gyara shi, abin da Kami bai taɓa gwadawa ba. Daga baya, bayan an dawo da su, wani sabon bala'i ya taso, tilas su biyun suka koma jiki ɗaya. Jikin Pikolo aka riƙe. Tsohon ya narke a cikinsa da saninsa da dabararsa, ba a sake ganinsa shi kaɗai ba.

Kada ka ce yabo kawai na zo yi. Fim ɗin yana da aibi, kuma ba ƙarami ba.

Na farko, Toriyama ya yi wa tsohon riƙon sakainar kashi. Da abokan gaba suka yi ta ƙaruwa da ƙarfi, Kami ya koma ɗan kallo, sai ya tsaya bakin fada yana gumi yana faɗin abin da kowa ya gani. Faɗa guda kuma yakan ci dare goma, rabinsa ihu ne. Dragon Ball Z kashi 291 ne, alhali na farkon 153 ne kuma ya fi shi labari.

Sai baran Kami, Popo. An zana shi baƙi ƙirin, da jan leɓe mai kauri, da idanu kamar na mujiya, da rawani. A labarin mutum ne mai ilimi da ƙarfi, har ya ka da Sangoku ba wahala. Amma surar irin wadda Turawa suka daɗe suna yi ce don yi wa baƙar fata ba'a. Mutane sun yi ƙorafi, har wata tashar Amurka ta mayar da shi shuɗi a 2010. Yaranmu suna kallonsa suna dariya. Ni ban yi ba.

Akwai kuma wani tsohon malamin faɗa mai ɗauke da ƙoƙon kunkuru a baya, wanda ba ya da kunya a gaban mata. In da abin da uba zai sa ido a kai, wannan ne. Sannan mutuwa ta yi araha a fim ɗin. A mutu yau, a tara ƙwallaye, a dawo gobe. Yaron da ya ga an kai ƙanensa kushewa yana bukatar babba kusa da shi, wanda zai ce masa wannan tatsuniya ce, kamar ta Gizo da Ƙoƙi.

Na sami magidancin nan a bakin masallaci na faɗa masa duk wannan. Ya saurara, yana jan carbi. Ya ce sunan ne ba zai yarda da shi ba, ko da wasa. Na ce ni ma haka. Muka tafi rumfa tare, muka kira yaron kolej, muka ce daga yau Mai Gadi zai riƙa cewa, ko ya ce Kami. Yaro ya ce ai ya fi masa sauƙin faɗi.

Ɗan magidancin ya koma kallo, amma daren Alhamis kawai, kuma sai ya gama haddarsa. Shekaranjiya na wuce na hangi uban da kansa a bayan yara, a tsaye, wai ya zo karɓar waya. Na ji yana tambayar ɗan kolej ko koren nan da ya tare wa yaro wuta ya dawo.