Yashi, Garwashi da Tiyon Roba

Katako yana da tsada a Adar. Wanda ya san yadda fari ya cinye itatuwan Keita, har aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984 da taimakon Italiya, ba zai yi mamaki ba. Shi ya sa lanƙwasa tiyon roba na PVC ya cancanci a tsaya a kalla. Masu jan ruwa da masu jan wuta a Tawa sun san aikin, kuma hannun da ya iya karya kwana a bango zai iya fitar da ƙafar kujera, ko teburin yara, ko sandunan gidan sauro. Gara ba ta cin su, tsatsa ba ta kama su.

Gwani yakan fara da zaɓe. Tiyo mai kauri yake ɗauka, irin na ruwan famfo, domin mai siririn jiki na magudana ba ya ɗaukar nauyin mutum. Ya auna, ya yanka da zarto, ya sa alama inda gwiwa za ta fito.

Sai yashi, kuma a nan hikimar take. Ya toshe baki ɗaya da tsumma, ya ɗura yashin da aka tankaɗe, yana bubbuga tiyon har ya zauna daram, sannan ya toshe ɗaya bakin. Idan cikin tiyo wofi ne, yana lanƙwasuwa zai maƙure ya tsuke. Yashin ne ke tokare shi ta ciki, yana kuma riƙe zafi. Dole ya bushe ƙamas, don mai laima tururi yake tayarwa.

Robar tana fara laushi wajen digiri 80. Wasu kan cinna takardar buhun siminti don sauri, amma gwani ya fi son garwashi. Yakan ɗaga tiyon sama da shi kaɗan, yana juyawa, yana kai da komo, kamar mai gasa masara. Ba shi da ma'aunin zafi. Nauyin tiyon yake ji a hannu, da lokacin da ya soma sunkuyawa da kansa. Idan launi ya koma ruwan ƙasa, hayaƙi mai yaji ya tashi, robar ta ƙone, kuma hayaƙin yana cutar da huhu, don haka a fili ake aikin.

Da tiyon ya yi laushi, nan take ya ɗora shi kan ma'auni, wato katakon da aka kafa wa ƙusoshi daidai siffar da ake so, ya danna a hankali, ya shafa jiƙaƙƙen tsumma har ya sandare. Ma'aunin ne ke sa ƙafar hagu ta zo daidai da ta dama. Kafin shayin fada ya kai na uku, yaron shago mai lura ya ga an fitar da ƙafafu huɗu.

Mai saye kuma ya riƙa ajiye kujerarsa a inuwa. Ranar Tawa tana busar da robar, da daɗewa sai ta tsage.